Ɗan tsuntsun Mambila mai jan ƙirji

Malam, tsuntsun da ka gani a dajin Ngel Nyaki da ke kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba, ka ce ba ka taɓa cin karo da shi a Gombe ba, daga kwatancenka dangin sha-kauci ne. Namijin ke da koren kai mai sheƙi da jan ƙirji, macen kuwa launinta dishi-dishi ne. Da lanƙwasasshen bakin nan yake zuƙar ruwan fure, amma ƙwari yake kai wa 'ya'yansa. Sheƙarsa abin kallo ce: kamar 'yar jaka a rataye, an ɗaure ciyayi da yanar gizo, ƙofa a gefe. Tsaunin ya kai wajen mita 1,500, ga hazo ga sanyi. Ina shi ina zafin Gombe? 'Yan uwansa dai suna nan a Gombe, ka leƙa bishiya mai kauci da sassafe.