Amsa: Shin sadakar da ake bayarwa don binciken sankarar jini ta yara tana amfani?

Malama, kin tambaya ko kuɗin da jama'a ke bayarwa don wannan bincike yana kaiwa ga yaran kuwa. Wallahi yana kaiwa.

Dubi asibitin St. Jude da ke Memphis a Amurka. An buɗe shi a 1962, mafi yawan kuɗinsa daga masu sadaka yake fitowa, iyaye ba sa biyan ko sisi. A lokacin, cikin yara 100 masu nau'in sankarar jini da ake kira ALL, wanda ya fi kama yara, kusan 4 ne ke rayuwa. Dakta Donald Pinkel, shugaban asibitin na farko, ya dage kan haɗa magunguna da yawa, da kuma kai magani cikin ruwan ƙashin baya, saboda cutar kan ɓuya a ƙwaƙwalwa ta dawo. Yau a can masu rayuwa sun haura 90 cikin 100.

Namu ne ke damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, yaran da ke warkewa daga sankarar yara ba su kai 30 cikin 100 ba. Yaro ya yi fari fat, dasashi na zubar jini, zazzaɓi ya ƙi sauka, ana ta ɗirka masa maganin maleriya, alhali wataƙila sankarar jini ce. In kin ga haka, ki nemi a yi masa cikakken gwajin jini.