Tambaya da Amsa: Ƙona Bola a Lokacin Hunturu da Haƙƙin Mazauna Birnin Kano

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a unguwar Kurna. Tun da sanyi ya shigo bolar da ke bakin layinmu ta taru, kuma kusan kullum da daddare ko da asuba sai yara da matasa sun cinna mata wuta suna jin ɗumi. Hayaƙin yana cika mana gida, ga mahaifiyata tana fama da asma. Wasu maƙwabta na cewa ƙonawar ma taimako ce tunda tana rage sharar. Shin haka ne? Wace hukuma ya kamata mu nufa, kuma me ya kamata mu kiyaye a wannan lokaci?

Amsa daga jami'in lafiyar muhalli:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya ba Hajiya lafiya, ya saka maka da alheri kan kulawar da kake yi mata. Maganar maƙwabtanka ba daidai ba ce, kuma ina so ka isar musu da wannan cikin lalama, domin na san da kyakkyawar niyya suke faɗa. Wuta tana rage tsayin bola a ido, amma abin da ya ɓace daga ƙasa yana komawa cikin iskar da kuke shaƙa ne, kuma babu lokacin da hakan ya fi muni kamar tsakanin Nuwamba da Fabrairu.

Iskar hunturu tana busowa ne daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura mai laushi wadda mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wurin da a zamanin da can tafki ne ya ƙafe. Idan ta iso Kano takan busar da komai, har laimar da ke cikin iska ta sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, shi ya sa katako da zana da katifa da tsummokara suke kama wuta da tartsatsi ɗaya. Da daddare kuma, musamman a Disamba da Janairu da sanyin asuba yakan kai kusan 13 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta hau kanta kamar murfin tukunya. Hayaƙin da aka tayar a irin wannan lokaci ba ya samun hanyar tashi sama, sai ya bi lungu ya shiga soro da tsakar gida da ɗakunan kwana, ya zauna har hantsi. Ka ƙara da cewa bolar yau ba irin ta da ba ce. Leda ce da robar lemo da ƙunzugun yara da tsofaffin batura da soson katifa, kuma hayaƙin waɗannan yana ɗauke da guba mai illa ga huhun lafiyayye, balle na dattijuwa mai asma wadda ƙurar hazo ta riga ta takura wa ƙirjinta.

Game da wanda za ku nufa, kwashe shara a cikin birni aikin Hukumar Kwashe Shara da Tsaftar Muhalli ta Jihar Kano ne, wadda aka fi sani da REMASAB, ita ke da motocin ɗaukar bola daga wuraren tarawa. Hana ƙonawa da hukunta mai zuba shara a inda bai dace ba kuwa yana hannun sashen lafiya na ƙaramar hukumarku, inda duba-gari suke. Shawarata ita ce kada ka tafi kai kaɗai. Ku fara da mai unguwa, ku rubuta takarda ɗaya da sunan mazauna layin, ku bayyana wurin bolar da kwatance mai kyau, ku haɗa da hotonta, ku ambaci cewa akwai marar lafiya da ƙananan yara a kusa, sannan ku kai kwafi ga hukumar da kuma sakatariyar ƙaramar hukuma, ku riƙe naku da aka buga wa hatimin karɓa. Koken da ya zo a rubuce ta hannun mai unguwa ya fi saurin samun kunne fiye da ƙorafin baki. Ku kuma yi amfani da tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ake yi daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, amma ku sanar da hukuma tun kafin ranar domin a turo mota, saboda sharar da aka tara aka bari a bakin titi ita ce wadda za a ƙona da daddare.

Su kuma yaran da ke kunna wutar, sanyi ne ya fito da su, kuma da yawansu almajirai ne da ke kwana a soraye ba tare da abin rufa na kirki ba. Tsawa ba za ta hana su ba. Idan mutanen layi suka haɗa barguna da rigunan sanyi suka miƙa wa malaminsu, tare da roƙon a daina taɓa bolar, za ku ga bambanci cikin 'yan kwanaki.

Tunda ka tambayi abin da za a kiyaye, bari in tsaya a kan gobarar cikin gida, domin ita ce ta fi tayar mini da hankali a kowace shekara. Ga yadda takan faru. Uwargida ta jefa hita a bokitin roba da asuba don ruwan wankan 'yan makaranta, sai aka ɗauke wuta, ta koma ta hura gawayi, ta manta ba ta zare hitar daga soket ba. Kowa ya fita, an kulle ɗaki. Da aka dawo da wuta ruwan ya tafasa ya ƙone, robar ta narke, labule ya kama, kafin maƙwabta su ga hayaƙi ta taga silin ya riga ya ci. Don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta a zare hita da dutsen guga da abin ɗumama ɗaki nan take, kada a jira. Kaskon garwashi kuma kada a kwana da shi a ɗaki a rufe. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ko launi, wadda ke hana jini ɗaukar iskar numfashi, mai barci ba ya farkawa ya ji ta, kuma haka hayaƙin janareto yake idan an ajiye shi a soro ko kusa da taga. A ɗumama ɗakin da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Idan gobara ta tashi, a fara fitar da mutane, a kashe wutar lantarki daga mita, a kira 'yan kwana-kwana tun tana ƙarama. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce, amma ina ba ka shawara ka je ofishin Hukumar Kashe Gobara ta Jihar Kano mafi kusa da ku ka karɓi lambarsu ta kai tsaye, a rubuta ta a bangon masallacin layi. Mai kira ya faɗi unguwa da babban titi da wata alama sananniya, a kuma tura yaro bakin titi ya tarye su, domin lungunan irin su Kurna da cikin gari suna ɓatar da baƙo. A janye motoci da adaidaita sahu da teburan masu sana'a daga hanya, 'yan kallo su ja baya. Wutar man fetur ko man girki ko ta waya mai lantarki ba a watsa mata ruwa, yashi ake zuba mata, saboda haka bokitin yashi a soro abu ne da kowane gida zai iya tanada. 'Yan kasuwa kuwa ba sa buƙatar dogon bayani, domin gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, wadda ta cinye dubban shaguna, tana nan a zukatan mutanen Kano. Duk mai shago ya kashe komai daga soket kafin ya rufe.

A kan hanya, ranar da hazo ya yi kauri har jirage suka kasa sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, direba ya kunna fitila ko da rana ce, ya rage gudu. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, takan fitar da gargaɗin ƙura, gidajen rediyo kuma suna karantawa.

Ita kuwa Hajiya, kafin a kwashe bolar a mayar da ita ɗakin da ya fi nisa da bakin layi, a rufe tagar da ke fuskantar hayaƙin da daddare, a riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara da tsintsiya a gabanta, a kuma rage turaren wuta da maganin sauro na kunnawa a ɗakinta. Ta sa takunkumi idan za ta fita da safe, ta yawaita shan ruwa ko da ba ta jin ƙishi, maganin shaƙarta kuma ya kasance kusa da matashinta, a duba kwanan watan lalacewarsa. Idan ta shaƙi maganin amma numfashin bai daidaita ba, ko ta kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓenta ya sauya launi, a kai ta sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a daren, kada a jira wayewar gari. Haka nan duk wanda ya kamu da zazzaɓi mai zafi tare da ciwon kai da sanƙarewar wuya a gaggauta kai shi, domin lokacin sanƙarau yana farawa ne daga wannan rani ya zarce har zuwa zafin bazara.