Amsa kan haɗa mesh da layin ko-ta-kwana a makaranta

Wa alaikumus salam Malam. Idan na fahimce ka, makaranta ce mai gine-gine uku, kana son Wi-Fi ya game ko'ina, kuma idan layin intanet ɗinku ya yanke, na biyu ya karɓa da kansa ba sai an aika wani ofis ya sauya waya ba. Na yi irin wannan aiki a makarantu da masaukin baƙi, don haka bari in ɗan tsawaita.

Abu biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Mesh, wato na'urorin Wi-Fi da yawa da ke haɗe da juna suna miƙa wa juna sigina, maganin matsalar cikin gida ne: na'ura ɗaya ta mutu, sauran su nemi wata hanya su isa ofis. Yankewar intanet daga waje kuwa aikin rawuta ne, na'urar da ke karɓar intanet tana rarraba shi, mai karɓar layi biyu. A kasuwa za a miƙo maka kwali mai na'ura uku a ce ka gama, alhali rabin aikin ke hannunka.

A cikin gida, duk inda waya za ta kai, ja waya. Wayar intanet ta Cat6 tana kai mita 100, kuma da PoE, wato tura wutar lantarki ta cikin wayar intanet, ita ce za ta kai wa na'urar wuta. Na'ura mai rediyo ɗaya idan tana karɓa ta iska tana miƙawa ta iska, gudun yana raguwa kusan rabi a kowane zango, sai ajin ƙarshe ya ga sigina cike amma shafi ya ƙi buɗewa. Kada kuma ka jera su a layi ɗaya, domin ta tsakiya na mutuwa ta ƙarshe ta yanke. Ka sa su kamar duwatsun murhu, kowace tana ganin sauran biyun. Rufin siminti (dakin) da kwanon rufi suna cin sigina sosai, musamman ta 5GHz, don haka baranda ta fi cikin silin. Idan waya za ta ratsa fili tsakanin gini da gini, ka tuna da tsawar damina. Fiba, wayar da ke kai bayanai da haske, ta fi aminci a nan, tunda ba ta ɗaukar wuta.

Yanzu ga inda aka fi faɗawa rami. A rawutar kamfanin MikroTik za ka ba babban layi distance 1, na ko-ta-kwana distance 2, wato lambar fifiko, ka kunna check-gateway, mai gwada ko layi yana raye. Rawutar tana taɓa ƙofar layin duk daƙiƙa 10, idan ta ji shiru sau biyu sai ta koma na biyu. Matsalar ita ce modem ɗin da ke gefenta kawai take taɓawa. Data ta ƙare ko sabis ya ɗauke a unguwa, modem yana nan a kunne yana amsawa, rawuta na ganin lafiya lau, ku kuwa ba ku da intanet. Dole gwajin ya wuce modem ya kai waje, kamar adireshin 8.8.8.8 na Google da 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare. Ka sa biyun, don kada ɗaya ya yi jinkiri a ɗauka layi ya mutu. Wanda rawutarsa ke aiki da manhajar OpenWrt zai yi wannan da mwan3, ƙarin manhaja mai kula da layuka da yawa, kuma ina son sa saboda za ka iya cewa kada ya dawo babban layi sai ya amsa sau da dama a jere. In ba haka ba, ranar da sabis ke rawa zai yi ta kai-komo, wanda ya fi yankewar ciwo.

Ka sanar da malamai tun yanzu cewa a lokacin sauyawa kiran bidiyo zai katse na ɗan lokaci, saboda adireshin da kuke fita da shi ya canza. Ba lalacewa ba ce.

Layi na biyu kuma ya bi hanyarsa daban. Sim biyu na kamfani ɗaya ba ko-ta-kwana ba ne. Ko kamfanoni daban ne, ka tuna 14 ga Maris 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku irin su WACS, ACE, SAT-3 da MainOne suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, layuka da yawa suka durƙushe tare. Shi ya sa na fi son a haɗa tauraron ɗan'adam irin Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023, da layin 4G. Ka kuma taƙaita gudu a layi na biyu, in ba haka ba ɗalibai za su cinye datar wata kafin a tashi.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan an ɗauke wuta rawuta ta mutu. Modem biyun, rawuta da suwic ɗin PoE, akwatin da wayoyin na'urorin ke haɗuwa, su zauna a kan inbata ko ƙaramin UPS nasu, ba a layin da ake jona fanka da firinta ba.

Kafin ka sallami mai haɗawa, a gabanka a zare wayar babban layi, a mayar, a cire sim ɗin modem yana kunne, a kashe na'urar gini na tsakiya, a kashe wuta gaba ɗaya, kana riƙe da waya a aji mafi nisa. Turo mana nisan da ke tsakanin gine-ginen da yawan masu hawa a lokaci ɗaya, sai mu ga na'urar da ta dace da kuɗinku.