Amsa: Asalin motocin BRT na Legas

Malam, ka tambaya ko a zamanin tsohon gwamnan Legas Fashola aka fara BRT, wato manyan motocin bas masu bin hanyarsu ta musamman. A zamaninsa aka ƙaddamar da ita, a watan Maris na 2008, amma hukumar sufurin Legas, LAMATA, da ta tsara aikin tun lokacin da Tinubu yake gwamna aka kafa ta, da dokar 2002 da tallafin Bankin Duniya. Layin farko ya taso daga Mile 12 zuwa CMS a tsibirin Legas, kilomita 22.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba a kori direbobi ba. Ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta kafa haɗin gwiwa ta riƙa tuƙa motocin tare da LAGBUS, kamfanin bas na gwamnatin Legas. A 2015 aka miƙa layin har Ikorodu, kamfanin Primero ya karɓi aikin.