Dutsen da na saya yana ƙartar gilashi: daimon ne ko fenakayit?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ci bashi na sayi wasu fararen duwatsu masu sheƙi a hannun wani dillali. Ya ce daga wajen Jos aka haƙo su kuma daimon ne, har ya ƙarci kwalba da ɗaya a gabana. Yanzu wani ya ce fenakayit ne, wani ya ce kwaz ne kawai, wato farin dutsen nan mai kama da gilashi da ake gani cikin tsakuwa, abokina kuma ya ce in sa guduma, in bai fashe ba daimon ne. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, ajiye gudumar nan.

Da wuya ƙwarai ya zama daimon. Duwatsun yankin Jos irin masu ba da kuza ne da tofaz (wani dutsen ado), shi kuwa daimon a wani irin dutse dabam ake samunsa. Fenakayit dai, wani dutsen ado mai kama da kwaz, yana yiwuwa, domin yankin na cikin wurare ƙalilan da ake samunsa, tare da Rasha, Burazil, Madagaska da Myanmar. Haɗin beriliyom (wani nau'in ƙarfe) ne da silikon da iskar oksijin, kuma a mahaƙar zumurrudu ta tsaunukan Ural aka fara bayaninsa a 1833.

Sai maganar kwalba, wadda na gaji da jin ta. Kullum sai an zo mini da dutse ana cewa "ai yana yanka gilashi". To sai me? A ma'aunin Mohs, wato ma'aunin taurin duwatsu daga 1 zuwa 10, taurin gilashi wajen 5.5 ne. Kwaz 7 ne, fenakayit 7.5 zuwa 8, tofaz 8, daimon 10. Ke nan dukkansu za su ƙarce shi, har tsakuwar da ke ƙofar gidanka in kwaz ce. Dillalin ya san haka sarai, shi ya sa yake yawo da kwalba ba ya yawo da sikeli.

Ta guduma ta fi muni. Tauri dabam, jure duka dabam. Tauri na nufin wani abu ba ya ƙartarsa, shi ke nan. Daimon na gaske yana da layukan tsagewa ta fuska huɗu, in duka ya faɗa daidai kansu sai ya dare. Tofaz ma yana tsagewa sumul ta gindi. Fenakayit ba ya tsagewa sumul haka, amma yana farfashewa kamar gilashi. Saboda haka duk wanda ke hannunka a cikinsu, guduma asara kawai za ta ja maka. Akwai kuma batun lafiya da masu ba da wannan shawara ba su sani ba: kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyin fenakayit beriliyom ne. Riƙe shi a hannu ba komai, amma shaƙar ƙurarsa na iya lalata huhu. Kada a daka shi, kada a goga shi a injin wasa wuƙa, masu yankan duwatsu ma da ruwa suke yi. Masu jefa dutse a wuta ko a ruwan batir don gwaji kuwa, Allah ya shirye su.

Gwajin da zai raba gardama ba ya ɓata dutse. Je wurin maƙerin zinariya mai ƙaramin sikeli. A auna dutsen a bushe, sannan a ɗaure shi da siririn zare a sake aunawa yana rataye cikin ruwa. Raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin biyun. Misali giram 5.92 a bushe, 3.92 a ruwa, bambanci 2, amsa 2.96: fenakayit ke nan. Kwaz zai ba ka 2.65. Tofaz da daimon duka suna wajen 3.5, don haka a nan sai an koma ga haske.

Na'urar auna karkatar haske tana nuna 1.65 zuwa 1.67 ga fenakayit, 1.54 zuwa 1.55 ga kwaz, wajen 1.62 ga tofaz. Na daimon 2.42 ne, ya wuce iyakar na'urar ma. Ƙari a kan haka, fenakayit yana raba hasken da ya shige shi gida biyu, daimon ba ya yi.

Siffa ma tana taimakawa in ba a fasa dutsen ba. Kwaz yakan zo dogo mai gefe shida da tsini, da zane-zane a gicciye a jikinsa. Fenakayit sau da yawa gajere ne ko faffaɗa, zanensa in akwai yakan bi tsawo. Daimon yakan zo da fuska takwas.

In kana son takarda a hannu, Hukumar Binciken Ma'adanai ta Ƙasa tana da ɗakin gwaji a Kaduna. Idan fenakayit ne mai tsabta, masu tara ma'adanai a ƙasashen waje suna nemansa, kuma wanda siffarsa ba ta lalace ba ya fi kuɗi, sai dai kada ka sa ran farashin daimon. In kwaz ya fito, ka ɗauki sakamakon da shaidunka ka koma wa dillalin tun bai canza lamba ba.