Amsar Alhaji a kan kallon Yankees bayan an yanke kebul

Assalamu alaikum jama'ar gida. To ƙanena, na ji saƙonka tun da safe, ina bisa hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce yaronka ya kamu da son besbol, ba shi da magana sai Yankees, ƙungiyar nan ta unguwar Bronx a New York, kai kuma ka yanke kebul watan jiya, nawa zai ci maka ya riƙa kallo. Ni dai a yadda na ji muryarka, so kake ka san ko wauta ka yi da ka yanke. Ba ka yi wauta ba. Amma ka saurare ni da kyau kafin ka sa katinka a ko'ina.

Na ga wani ya rubuto maka wai ka sayi MLB.TV, manhajar kallon babbar gasar besbol ta Amurka ta intanet. Kada ka kuskura. Dala 149.99 suka sayar da shi a kakar 2025, kuma yawancin wasannin ƙasar nan zai nuna maka, ban da wanda yaronka yake so. Muddin kana zaune a New York, wasan Yankees da na Mets, ɗaya ƙungiyar ta garin, a toshe suke, sai an tashi da kamar awa ɗaya da rabi sannan su buɗe maka maimaici. Wane yaro ne zai zauna kallon wasan da abokansa sun riga sun faɗa masa sakamako? Dalili kuwa, haƙƙin nuna wasan a wannan yanki yana hannun tashar YES, wadda aka buɗe tun 2002, kuma su Yankees ɗin da kansu suna da hannun jari a ciki. Ba za su bari ka zagaya ta bayan gida ba.

Abin dariyar ma, wanda ke zaune a Kano ko Kumasi in ya biya MLB.TV zai ga Yankees kai tsaye, kai da kake jin ihun filin daga titi na 161 ba za ka gani ba. Kamar dai wasan ƙwallon ƙafa na ƙarfe uku na ranar Asabar a Ingila, mu muna gidan kallo a gida muna kallonsa, Baturen da ke Manchester ba a nuna masa a talabijin. Mu nan ma da sauƙi. Mutanen jihar Iowa ba su da ƙungiya ko ɗaya a babban rukuni, amma ƙungiyoyi shida aka toshe musu: Cubs, White Sox, Brewers, Twins, Cardinals da Royals. Shida fa! Mutum ya biya kuɗinsa cif, a ce masa wai yana kusa da Chicago, alhali sai ya yi tuƙin awanni kafin ya ga ƙofar filin. Ni wannan abin har yau in na tuna... to, bar shi dai.

Abin da za ka saya shi ne YES ɗin kanta, ta intanet. Tun 2023 suka fara sayarwa ba sai da kebul ba, dala 24.99 a wata ko 239.99 a shekara, haka suka sa shi a lokacin. Daga ƙarshen 2024 suka haɗe da wata tashar wasanni, MSG, a manhaja ɗaya, Gotham Sports, can za ka nema, ka duba farashin yau da idonka don suna taɓa shi. Kuma kada ka biya na shekara. Wasa 162 ne, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Wata shida sau ashirin da biyar, ɗari da hamsin ke nan. Na shekarar na masu kallon ƙwallon kwando ne, don Nets ma a YES suke lokacin sanyi. In Oktoba ta kama ka shiga ka kashe, ka sa wa wayarka ƙararrawa ma, don su ba za su tuna maka ba.

Wannan kashewar ita ce ta haɗa ni da kamfanin kebul ɗina na da, ba zan kira suna ba. Shekara ɗaya suka yi min farashin alheri, tana cika takarda ta zo ta kumbura. Kuɗin hayar akwati, kuɗin akwati na biyu na ɗakin Hajiya, ga wani layi wai kuɗin wasannin yanki. Na ce baiwar Allah, a gidan nan ba mai kallon wasa, labarai kawai nake gani. Ta ce ai kowa yana biya. Na ce to a yanke. Aka miƙa ni ga wani, shi ma ya miƙa ni ga wani, sai da na yi sallar La'asar da waya a ajiye tana kiɗa. Daga baya na kai musu akwatunansu da hannuna, wata biyu suka aiko wai ban mayar da ɗaya ba. Allah ya so ni rasit ɗin yana cikin mota. Har yanzu yana nan, ban yar ba.

Ina nake ma? Yauwa. Na ce ɗari da hamsin, a'a, tsaya, ba duka ke nan ba. Ba kowane wasa ne YES ke nunawa ba. Akwai kimanin ashirin da Amazon ya ɗauke tun 2022, waɗanda a da kyauta ake ganinsu a tasha ta 11. In Hajiyarka tana da rajistar Amazon Prime don sayayya, shi ke nan an huta, in babu kuwa dala 14.99 ne a wata. Apple ma suna da na daren Juma'a, amma sau nawa Yankees za su faɗo a ciki? Wannan ka bar shi, ranar ya yi aikin makaranta.

Sai ka sayi eriya, irin 'yar faifan nan da ake mannawa a taga, sau ɗaya za ka biya. Da ita za ka kama Fox a tasha ta 5, suna nuna wasu wasannin Asabar, kuma gasar ƙarshe ta fitar da zakara, World Series, a nan ake nuna ta. Ta 2024 da Dodgers suka cinye Yankees a wasa biyar, da eriya muka kalla a shagon aski, ko sisi ba mu biya ba. YouTube TV kuma kada wani ya ruɗe ka, ya haura dala tamanin a wata kuma babu YES a ciki tun 2020, ka ga an gudu ba a tsira ba.

In duk ya gagara akwai rediyo, WFAN, 660, kyauta, ni a mota nan nake ji, Turancin yaro ma zai ƙaru. Da ma a ce Mets yake so, su har yanzu tasha ta 11 tana nuna wasu, amma ka ce wa ɗan Bronx ya koma Mets ka ga... bari, ga fasinja ya fito, sai anjima.