Amsar Kawu Kan Dasa Bishiyar Turare a Cikin Gida

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyalinka kuna lafiya, aikin gini kuma yana tafiya yadda ake so. Saƙonka ya iso. Ka ce mai sayar da dashe ya ba ka shawara ka jera bishiyar turare a jikin katangar sabon gidanka saboda ado da inuwa, mahaifiyarka kuma ta hana, ta ce ba a dasa turare a cikin gida. Kana tambaya ko al'ada ce mai tushe ko camfi ne kawai.

Ka bi maganar mahaifiyarka. Al'adar ba ta tsufa sosai ba, don ita kanta bishiyar baƙuwa ce a ƙasarmu, amma mutane sun koye ta ne da idanunsu. Asalin turare daga Ostireliya yake, inda ake da irinsa fiye da 700. Wanda ya fi yawa a wurinmu, can Ostireliya a bakin koguna yake fitowa, inda ruwa ke malala lokaci-lokaci. Ka ga ke nan tun fil azal mai son ruwa ne. In ka kai shi inda ruwa ya yi ƙaranci ba zai mutu ba, saiwoyinsa ne za su bazama neman danshi, wasu su nutse ƙasa, wasu su bi gefe su yi nisa. A cikin gida ina danshin yake? Rijiya, makwarara, shadda, bututun famfo, da ƙarƙashin harsashin gini. Can za su dosa. Na ga gidan da saiwar turare ta ɗaga daɓen siminti ta tsaga katanga tun daga tushe, kuma katangar ta haɗaka ce da maƙwabci. Sai da dattawan unguwa suka zauna kafin a daidaita su.

Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. A al'adarmu ba ka dasa babbar bishiya a jikin katangar da ta raba ka da wani sai ka yi masa magana. Reshe zai leƙa gidansa, ganye zai zuba masa, saiwa za ta shiga ƙasarsa. Turare kuwa yana iya kai mita 30 ko fiye, kuma yana da halin sakin babban reshe ba zato ba tsammani, ko iska babu. Yanzu ka tuna yara suna wasa a tsakar gida, ko mata suna girki a gindinta.

Inuwar ma da ake yi maka talla ba ta kai ba. Ka je gindin babban turare da tsakar rana ka ɗaga kai. Ganyen dogaye ne sirara, sun rataya suna kallon ƙasa, rana na ratsowa ta tsakaninsu. Ɓawon jikinta yana saɓulewa yana zubowa falle-falle, ya bar gangar jiki sumul, fari-fari da toka-toka. Kyau kam akwai shi, ba na musu. Sai dai mai shara za ta sha aiki, ganyen kuma ba ya ruɓewa da wuri, ga shi ɗan lambun da matarka za ta so ta yi, na alayyahu ko yakuwa, ba zai yi albarka a kusa da ita ba.

Kada ka ɗauka ina ƙin bishiyar. Mu da muka ga farin 1973 da na 1984 mun san ranarta. Bayan waɗannan shekaru hukuma ta jera ta layi-layi a arewacin Kano da yankunan da suka zama Jigawa a 1991, don ta karya ƙarfin iska ta rage kwararowar hamada. Ta yi wannan aiki. Amma manoman da gonakinsu ke jikin layukan sun riƙa kuka cewa gero ba ya yi a kusa da ita. A wajen Dambatta masu bincike sun haƙa rami tsakanin bishiyoyin da gona suka datse saiwoyin, sai geron ya gyaru. Abin da manomi ya faɗa ne binciken ya tabbatar. Shi ya sa za ka ga manomi yana tattalin gawo a tsakiyar gonarsa, domin gawo da damina yake zubar da ganye, ya bar wa shuka rana ya kuma ba ta taki, amma turare sai a kan iyaka ko bakin hanya. A Filato an dasa ta a wuraren da haƙar kuza ta lalata. A Habasha kuwa, tun zamanin Sarki Menelik na Biyu a ƙarshen ƙarni na 19 aka kawo ta Adis Ababa saboda ƙarancin itacen wuta. Tana girma da sauri, in an sare ta sake tohowa, ana samun sandunan gini miƙaƙƙu da itacen girki. In kana da fili a bayan gari, dasa ta can, za ka ci riba.

Batun ganye kuma, na san iyayenku mata suna sirace da shi in mura ta kama mutum. A tafasa, a lulluɓa da zane, a shaƙi tururin, hanci ya buɗe. Wannan ba ya bukatar bishiya a tsakar gida, ɗan damƙi daga bakin titi ya isa. Abu biyu dai zan ja kunnenka a kai. Man turaren nan da ake sayarwa a kwalba ba na sha ba ne, kaɗan daga cikinsa yana iya yi wa yaro mummunar illa, don haka a ɗora shi inda hannu ba ya kai. Zazzaɓi kuma in ya yi zafi a je asibiti a yi gwaji, kada a tsaya ga sirace.

To me za ka dasa? Ni da gidana ne, gwaba zan sa. Dangi ɗaya suke da turare, su da kanumfarin da ake zuba wa shayi da yajin mai jego, da malmo da ke fitowa a bakin rafukanmu. In ka murza ganyen gwaba ka sansana za ka ji alamar dangantakar. Ita ba ta yin tsawon da zai tsorata ka, yara su ci 'ya'yanta, a aika wa maƙwabta. Ka ƙara da lemon tsami da zogale a gefe. In babbar inuwa kake so ta zaman majalisa, sai ka sa darbejiya ko mangwaro a ƙofar gida, nesa da katanga da shadda. Ka san hadisin da ya zo a Buhari da Muslim, cewa Musulmi ba zai dasa bishiya ba, mutum ko tsuntsu ko dabba su ci daga gare ta, face an rubuta masa sadaka. Ka sa wannan niyya tun daga ramin farko.

Ka bari sai damina ta kankama kafin ka dasa, ka zuba takin gida da ya ruɓe sosai a ramin, ka kewaye da ƙaya ko waya saboda awaki. Kafin nan ka kai mahaifiyarka filin ta nuna maka inda take ganin ya dace, ka kuma shiga wurin maƙwabcinka na jikin katanga ku gaisa ka sanar da shi. Ka gaida mai ɗakinka da yaran. Allah Ya sa albarka a gidan, Ya sa a shiga lafiya.

Kawunka.